Keken Ɗinkin da Aka Dawo Mini da Shi Daga Abuja

Na san abin da ake faɗa a kaina a layinmu na Unguwar Mu'azu, domin idona ne ya raunana, kunnena yana nan garau. Ana cewa Malam Isiyaku mai gyaran keken ɗinki ya taɓa sayar wa mutane rubabbun kaya a intanet, da asirinsa ya tonu sai ya fito ya amsa laifi da bakinsa. Rabin maganar ƙarya ne, rabi gaskiya, sai dai masu faɗa sun ajiye kowane rabi a inda ba wurinsa ba. A cikinku 'ya'yana, yayarku Hauwa ce kaɗai ta ga abin daga farko har ƙarshe, ita kuwa har yau idan aka tayar da zancen sai ta miƙe ta ce za ta duba tukunya. Shi ya sa nake so ku ji daga bakina tun ina iya faɗa.

Sama da shekara ashirin na yi ina makanike a masaƙa a Kakuri. Lokacin da sojoji suka koma bariki muka yi ta murna, muna cewa yanzu ƙasa za ta miƙe, ba a daɗe ba sai aka sa wa ƙofar masaƙar kwaɗo, muka watse kowa ya kama gabansa. Ni ban iya komai ba sai ƙarfe, don haka na buɗe ɗan shago a ƙofar gida na koma gyaran keken ɗinki. Tsofaffin baƙaƙen kekunan nan masu nauyi nake saye a hannun teloli da magada, in warware su ƙusa bayan ƙusa, in wanke da kananzir, in goge abin da ya ci da magagari, in mayar. Ba yabon kai ba, a wancan lokacin idan keke ya fita daga hannuna, tela yakan yi shekara biyar bai sake nemana ba. Da wannan na ciyar da ku, da shi kuka yi makaranta, kuma ban taɓa jin kunyar a nuna ni a ce ga wanda ya gyara ba.

Hauwa ce ta kawo zancen intanet, lokacin tana koyarwa a Tudun Wada, ta yi aure har da 'ya'ya biyu. Ta zo wata Asabar ta tarar da kekuna huɗu a jere ba mai saye, sai ta zaro waya ta ɗauki hotonsu gaba da baya da ƙasa, ta buɗe mini shafi a wata kasuwa da ke cikin wayar. Na yi mata dariya, na ce kasuwar da ba ta da rumfa ba ta da sarkin kasuwa ai wasan yara ce. Kwana tara bayan haka wata mata a Fatakwal, garin da ban taɓa takawa ba, ta sayi ɗaya. Wallahi ranar sai da na zauna a kan benci ina duban wayar nan da ba ta kai tafin hannuna ba. Mutum yana bakin teku, ya leƙo cikin shagona, ya ga keken da ke gabana har ya yaba fentinsa. Ka'idar kasuwar kuwa ita ce, mai saye ya biya, masu kasuwar su riƙe kuɗin, sai kaya ya isa ya ce ya gamsu sannan su sakar wa mai sayarwa. Na ce wannan ai ya fi dillalan Kakuri amana. A cikin shekara guda na sayar da shida ta wannan hanya.

Na bakwai shi ne ya jawo maganar. Wani mutum a Abuja ya saya, ya ce shagon ɗinki zai buɗe, muka naɗe kan keken a bargo muka kai tasha muka ba direba. Bayan kwana goma sai ga Hauwa da rana tsaka, ko mayafinta ba ta gyara ba, ta miƙo mini waya. Mutumin ya ɗauki bidiyon keke yana tsinka zare yana ƙara kamar injin markaɗe, ya rubuta a ƙarƙashin shafina inda duniya za ta gani cewa ni tsohon ɗan damfara ne mai fentin gawa yana sayarwa. Masu kasuwar suka rufe shafin, suka ce sun ba ni mako guda in kawo hujja, in ba haka ba su mayar masa da kuɗinsa su kore ni. Washegari direba ya sauke mana keken a cikin bargon da muka naɗe shi.

Na ɗora shi a kan benci na dube shi. Baƙi ne kamar nawa, zanen jikinsa iri ɗaya, lambar da ke manne a gindinsa ita ce wadda Hauwa ta rubuta a takarda. Na juya wili, sai ya yi ƙarar nan ta cikin bidiyo. A nan ne gabana ya faɗi, kuma ba don kuɗin ba. Akwai abin da nake ɓoyewa a gidan nan wajen shekara biyu, wato idona ya fara hazo. Zare a allura da lalube nake sawa, ƙananan ƙusoshi da yatsa nake gane su. Na gaya wa kaina cewa hannu ya riga ya san aikinsa, ba ya bukatar ido. To ga shi keke mai lambata yana tari a gabana. Idan nawa ne, hannun ma ya tafi ke nan, kuma mutumin Abuja bai yi mini ƙarya ba.

Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Ummanku, Allah Ya jiƙanta, ta zuba mini ido har ta gaji, sannan ta same ni a shago.

"Malam, naka ne ko ba naka ba ne?"

Na ce, "Ban sani ba, Rabi."

"Yau kai ne ba ka san aikinka ba?"

Ta ɗauki allurar da ke kan benci ta jujjuya ta, ta ajiye.

"Na daɗe da sanin ba ka gani sosai," in ji ta. "Jiya ka sa hularka a bai-bai ka tafi masallaci. Ka tashi ka je wurin Yohanna."

Yohanna shi ne helumanmu, wato shugaban aikinmu a masaƙa, mutumin Zonkwa, shekara goma sha biyar muna kwance a ƙarƙashin inji ɗaya. A kwano ɗaya muke cin abincin rana, shi ya riƙe mini Hauwa ranar da aka yi mata kitson fari tana ihu. Amma tun shekarun da gari ya rikice, kowa ya kwashe iyalinsa ya koma inda nasa suka fi yawa, shi ya bar Makera ya koma Unguwar Boro, ni kuma ban sake taka ƙofarsa ba. Ba faɗa muka yi ba. Yau ne gobe ne, har shekara goma sha biyu ta wuce, kunya ta zama katanga. Na ce wa Ummanku da wane ido zan dube shi, ta ce da wanda ya rage mini.

Da safe ni da Hauwa muka sa keken a buhu muka hau motar haya. Mun yi tambaya sau uku kafin a nuna mana gidan. Matarsa, Maman Ladi, tana shanya citta a tsakar gida, ta ɗago ta dube ni ta riƙe haɓa.

"Baban Hauwa, ashe kana duniya? Mu mun ɗauka ka zama Alhaji ka manta talakawa."

Yohanna yana zaune a baranda ya ba mu baya, bai ji sallamarmu ba. Ƙarar injin saƙa ta cinye masa kunne tun muna aiki, da tsufa ya zo sai ya kurmance gaba ɗaya. Bakin mutum yake kallo ya gane magana, kamar yadda dukanmu muka koya a ɗakin saƙa inda ko ihu ka yi ba mai jin ka. Matarsa ta taɓa kafaɗarsa ya waiwayo. Ya daɗe yana dubana.

"Bahago," ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa. Sunan da suke kirana ke nan a masaƙa, don da hagu nake aiki. "Ka tsufa."

Na sunkuyar da kai na fara ba shi haƙuri.

"Ɗago in ga bakinka, ko ƙasa kake wa magana? Bar dogon turanci. Me ke cikin buhu?"

Hauwa ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayani a hankali yana kallon leɓenta. Ya shiga ɗaki ya fito da wata doguwar sukudireba mai ƙotar katako, ƙotar duk ta lotsa da shaidar haƙori. Ya ɗora keken a kan tebur, ya kafa tsinin sukudirebar a jikinsa, ya ciji ƙotar da haƙoransa, ya rufe ido, ya yi wa Hauwa alama da yatsa ta juya wili.

Na yi shekara arba'in cikin ƙarfe, ban taɓa ganin abin da ya kama ni kamar wannan ba. Tsoho kurma, wanda ko tsawa aka yi ba ya waiwayawa, yana tsaye yana sauraron cikin keke da haƙori. Ya matsar da tsinin nan, ya matsar can, girarsa tana motsi kamar mai jin labari. Wani wuri ya ɗaga hannu Hauwa ta rage gudu, wani wuri ya sa ta koma baya. Tsigar jikina ta tashi, na kama kaina ina tasbihi a zuci. Allah Ya karɓe masa ji ta kunne Ya buɗe masa ta wata ƙofa, ni kuwa ina gari ɗaya da shi shekara goma sha biyu ban sani ba.

Ya cire sukudirebar ya goge bakinsa.

"Wannan ba aikinka ba ne."

Na ce, "Ka tabbata, Heluma?"

"Ko kananzir bai taɓa gani ba. Datti na shekara talatin yana ciki yana magana."

Ya kifa keken, ya zaro ƙugiyar da ke kama zare a ƙasa, ya ɗaga ta a rana. Ya ce wa Hauwa duk ƙarfen da ubanta ya goga, zanen magagarin yana kwanciya ta hagu, ko a cikin dubu zai gane shi, wannan kuwa ba a taɓa goga shi ba. Sannan ya ƙwanƙwasa lambar da farce.

"Ɗiyata, dubi ƙusoshin da suka riƙe lambar nan. Farare ne, sababbi. Na asali jajaye ne. An ɓalle lambar babanki an manna wa mushe."

Hauwa ta zaro waya, ta nemo hoton da ta ɗauka kafin mu kai keken tasha. Ta sa yatsu biyu ta buɗe hoton, sai lambar ta yi ta girma har ta cika wayar, ga ƙusoshi biyu jajaye kamar an ɗora su a faranti. Har ni da hazon idona na gan su. Yohanna ya karɓi wayar ya juya bayanta yana neman inda girman ya fito, ya girgiza kai, ya ce shi da waya ba a san wanda ya fi wani mamaki ba yau. A nan barandar ta ɗauki hoton fararen ƙusoshin, ta haɗa da na jajayen ta aika. Kwana uku masu kasuwar suka buɗe shafina, suka sakar mini kuɗin, suka rufe na mutumin. Kekena yana wurinsa, wato ciniki ya faɗa ko yana so ko ba ya so.

Da a nan labarin ya tsaya, da ba wanda zai ce komai a kaina yau. Amma ranar Asabar Yohanna ya sa rigarsa ta zuwa coci ya zo yi mini barka, karo na farko da ya shigo unguwarmu tun tashinsa. Ummanku ta yanka kaza. Bayan mun ci muka zauna a shago, ga kekuna uku da na gama gyarawa suna jiran masu saye. Mutumin da ya saba duba aikin wasu ba ya iya zama haka nan, sai ya zaro sukudirebarsa daga aljihu, wai yana so ya ji muryar aikin Bahago ko ta canja. Ya ciji na farko ya gyaɗa kai. Ya ciji na biyu ya gyaɗa kai. A na uku ya daɗe, ya sa Hauwa ta sake juyawa, ya sake sa ta. Da ya ɗago bai dube ni ba.

"Wannan naka ne," ya ce. "Amma da shi ka aika Abuja, da mutumin ya yi gaskiya."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa na gwada keken da kaina, ya ɗinka ƙyalle tsaf. Ya ce siririn ƙyalle ne, in kawo kaki in gani, allura da ƙugiya sun saɓa da kaurin gashi ɗaya, zai riƙa tsallake ɗinki yana tsinka zare. Na ce ya zo gidana ya ci kazata zai ci mutuncina a gaban 'yata. Ban san ko ya karanta wannan a bakina ba. Sai ya goge ƙotar sukudirebar da gefen rigarsa ya miƙo mini.

"Ciji. Kada ka matse da yawa. Rufe idon, ai ba ya yi maka komai."

Na ciza. Hauwa ta juya wili. Da farko ban ji komai ba sai kaina yana rawa. Can sai keken ya shigo cikin ƙoƙon kaina gaba ɗaya, na ji sandar allura tana hawa tana sauka, na ji kwarkwaro yana juyawa, kowane ƙarfe da tasa muryar, kamar an buɗe mini ƙofar ɗakin da na yi shekaru ina zagayawa ta baya. A cikin wannan duka akwai wani ɗan ƙaramin bugu da yake zuwa a makare, kowane zagaye sau ɗaya. Ba wanda ya nuna mini shi, da kaina na ji. Hawaye ya zubo mini sukudirebar tana bakina, rabi don girman abin da Allah Ya nuna mini, rabi don na san hannuna ne ya sa bugun nan a wurin.

Da Yohanna ya tafi na kira Hauwa, na ce ta rubuta a shafina cewa duk wanda ya sayi keke a wurina cikin shekarar nan ya dawo da shi a duba, kuɗin mota a kaina, domin idona ya raunana kuma mai yiwuwa wani ya fita da aibu ban gani ba.

"Baba, shekaranjiya fa aka wanke ka," in ji ta. "Ba wanda ya kawo ƙara a cikinsu. Idan na rubuta wannan, cewa za a yi mutumin nan ya yi gaskiya."

"Na sani."

"Mu kira su ɗaya-ɗaya a waya mana, ba sai duniya ta ji ba."

Na ce biyu daga cikinsu dillalai ne, sun riga sun sayar wa wasu, ba mu san hannun da kekunan suke ba yanzu. Ta juya wurin Ummanku tana neman mai taya ta. Ummanku tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba.

"Rubuta masa, Kulu. In ba ki rubuta ba, ba zai ci abinci ba, ni kuma na gaji da ɗumame."

Tana kuka ta rubuta. Abin da ta ji tsoro kuwa shi ya faru. Mutumin Abuja ya buɗe wani shafi da sabon suna, ya ɗauki hoton maganata ya yi ta yaɗawa, yana cewa ga tsohon ya amsa da bakinsa. Wata huɗu ban sayar da ko allura ba, zancen ya fito daga waya ya shigo layinmu, har a wajen ɗaurin aure na ji ana rage murya idan na iso. Ciniki bai sake komawa yadda yake ba. A makarantar da Hauwa take koyarwa ma sai da aka yi mata gori, kuma na san har yau ba ta gama yafe mini wannan ba.

A cikin kekuna shidan, biyar suka dawo ko aka kira aka ce lafiya suke, Yohanna ya bi waɗanda suka zo da haƙori bai sami komai ba. Na shida ya zo a ƙarshe, ranar wata Talata da hantsi, muna zaune ni da shi a shago. Wata mata ce daga Rigasa, Asabe, ta ɗauko kan keken a ka cikin zani. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, 'yan'uwanta suka haɗa kuɗi suka saya mata a wurin dillali don ta koyi ɗinki. Wata maƙwabciyarta ce ta ga rubutun a waya ta karanta mata. Ta ce ita ba ƙara ta kawo ba, keke lafiyarsa lau, ita ce dai kanta ba ya ja. Wata biyar tana koyo, duk abin da ta ɗinka sai ya warware, mai koya mata ta ce ba ta taɓa ganin mai mataccen hannu irinta ba, 'yan ajinsu har an yaye su. Ta riga ta yanke shawarar sayar da keken ta koma wankau, ta ce bari dai ta kawo tunda an ce a kawo.

Ban bari Yohanna ya tashi ba. Na karɓi sukudirebar na ciza, na ce mata ta juya. Bugun yana nan, a makare, kowane zagaye sau ɗaya. Na kwance ƙusa biyu, Yohanna yana duba mini da ido ina matsawa da hannu, bai fi minti goma ba muka gama. Na ninka kaki huɗu na sa a ƙarƙashin allura, na ce ta zauna ta ɗinka. Ta ɗinka layi ɗaya tun daga sama har ƙasa, ta ɗaga ƙyallen ta ja shi da ƙarfi ta ko'ina, bai warware ba. Ta sake ɗinka wani. Sannan ta ajiye, ta buɗe tafukanta biyu tana kallonsu.

"Baba," ta ce a hankali, "ashe ba hannuna ba ne."

Na ce, "Ba naki ba ne, 'yata. Nawa ne."